Tarihin Busar da Fadama: Daga Jakarar Kano Zuwa Ingila, da Darasi ga Mazauna Abuja

  

Yau ina so mu ɗan jingine maganar kuɗin haya da ta rusau, mu waiwayi tarihi. Batun da na ɗauko shi ne fadama, da yadda mutane suka daɗe suna ƙoƙarin janye mata ruwa don su yi noma ko gini a kanta. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da fadama? To, ni dai mahaifina kayan gwari yake sayarwa, tumatir da tattasai da albasa, kuma kusan duk kwandon da ya taɓa shigowa rumfarmu a lokacin rani daga fadama ya fito, ko daga gonar da aka janyo wa ruwan wata fadamar. Ban da haka, da yawa daga cikinmu a nan Abuja a kwari muke kwana, domin nan ne fili ya fi araha. Karatuna na boko a sakandare ya tsaya, amma ina son bibiyar tarihi, kuma abin da na lura da shi shi ne, duk inda aka busar da fadama akwai tambayoyi biyu da ba a cika yi ba sai bayan aiki ya wuce. Ta farko, su wa ke cin abinci a wurin kafin a taɓa shi? Ta biyu, ruwan da aka kora ina zai koma?

Mece ce fadama a wajen Bahaushe?

Manomi ya raba ƙasa gida biyu, tudu da fadama. Tudu na gero ne da dawa da wake da gyaɗa, kuma da an yi girbi shi ke nan sai baɗi. Fadama kuwa ita ce ƙasar kwari da ruwa ke kwantawa a kanta da damina, ya janye a hankali da kaka, ya bar laima da baƙar laka mai ƙarfi. Mutum ɗaya ba ya cinye amfaninta. Da damina mai shinkafa ne ke ciki. Ruwa na fara ja da baya masunta su shigo da koma da mali da gora. Bayan su masu lambu su kafa jigo, su dasa albasa da alkama da rake. Rani na tsananta Bafulatani ya gangaro da shanunsa, domin nan ne kaɗai ciyawa ke da sauran kore. Mata su yanki kaba da ciyawar saƙa, magina tukwane su ɗebi yumɓu, yara su tono bado.

Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin shi ne ginshiƙin labarin. Fadama wuri ne mai masu haƙƙi da yawa, kowa da lokacinsa, kuma yawancinsu ba su da takarda. Ranar da aka busar da ita, sai ta koma ta mutum ɗaya mai takarda.

Jakara da Kasuwar Kurmi

Mu fara da gida. Wanda duk ya san birnin Kano ya san Jakara, sai dai yaran yanzu sun san ta ne a matsayin ƙatuwar kwata mai wari. Da ba haka take ba. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe Jakara kurmi ce mai duhu da baƙin ruwa, wadda mutanen Dala ke girmamawa, ba a saran itacenta. Wato tun kafin a yi birni akwai fadama a gindin dutsen Dala da Gwauron Dutse, kuma ruwanta na cikin abin da ya sa mutane suka zauna a wurin.

Da garin ya bunƙasa, fatake suka yawaita, sai Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a wannan wuri. Sunan kasuwar kansa shaida ne, Kasuwar Kurmi, alhali yau in ka zagaye ta ba za ka ga kurmi ba sai rumfuna. An sare daji, an ci wani yanki na fadama, an mai da shi wurin ciniki. Wannan shi ne babban misali na farko da muke da shi a Kano na karɓe wa ruwa wuri saboda kasuwanci, kuma ya riga aikin Turawan Ingila da zan kawo nan gaba da fiye da shekara 130.

Sunayen unguwanni ma suna ba da labarin yadda ƙasar take. Akwai Bakin Ruwa, akwai Kwarin Mabuga, akwai Dausayi, a wajen ganuwa akwai Kwarin Gogau. A ɗaya ɓangaren kuma ga Tudun Wazirci da Tudun Nufawa. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun san inda ruwa ke bi da inda ba ya bi.

Abin lura shi ne Kanawan wancan zamani ba su kashe Jakara ba. Sun yanki abin da suke bukata, sun bar mata sauran. Shaidar haka ta zo daga bakin baƙin da suka ga birnin bayan shekaru ɗaruruwa.

Abin da baƙi suka tarar

A watan Janairun 1824 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 zuwa 40,000. Ya bayyana cewa wata babbar fadama ta raba birnin biyu daga gabas zuwa yamma, kuma kasuwa na ci ne a kan wani siririn tudu da ya ratsa ta, wanda shi ma ruwa ke shanyewa da damina. Ya ga agwagin ruwa da wasu tsuntsaye a cikinta. Ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya zo ya tarar da Jakara na nan, har ya sa ta a taswirar birnin da ya zana.

Dukansu biyu sun koka da rashin lafiyar wurin, kuma gaskiya suka faɗa. Ruwan kwance na haifar da sauro, sauro na kawo zazzaɓi, ga shara da mushe da ake zubarwa a ciki. Kada son gida ya sa mu ce fadamar tsakiyar gari aljanna ce. Ta ci rayuka, musamman na ƙananan yara da baƙin da jikinsu bai saba ba.

Ban da Jakara akwai kududdufai. Kowane gidan ƙasa da kowane taku na ganuwa daga rami aka haƙo ƙasarsa, ramin nan kuwa da damina sai ya cika ya zama kududdufi. Birnin Kano ya tara su da yawa, haka Katsina da Zariya. A ido ƙazanta ne, kuma yara sun sha nutsewa a cikinsu, amma suna da aiki. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta, maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Da rani a ɗebi ruwan a yi kwaɓin ƙasa, a shayar da dabbobi, sauran ya tsotse ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. In maƙiya suka kewaye gari, kamar yadda Kwararrafa suka sha kawo wa Kano hari, akwai ruwa da gona a cikin ganuwa.

Ingila a zamanin Kutumbi

Yanzu mu tsallaka teku, domin a ga yadda abin ke kasancewa in an ce za a busar da fadama gaba ɗaya, da kuɗi da ƙarfin sarauta. A daidai lokacin da Sarkin Kano Kutumbi ke kan gado, wato 1623 zuwa 1648, a gabashin Ingila akwai wata makekiyar fadama da suke kira Fens, arewa da garin Kambirij, mai faɗin kusan murabba'in mil 1,500. Rayuwar mutanenta ta yi kama da ta mutanen Hadeja da Nguru. Suna kama kifi, musamman wani mai kama da maciji, suna tarkon agwagi, suna yankan ciyawar jinka, suna haƙo busasshiyar baƙar ƙasa su yi makamashi da ita, da bazara kuma su saki shanu da tumaki a filin da ruwa ya janye. Filin na gayya ne, kowane ɗan ƙauye yana da haƙƙi a ciki bisa al'ada.

Dabarar busarwa daga ƙasar Holan ta zo. A can, a 1612, attajiran Amsterdam sun zuba jari sun tsotse wani tafki mai suna Beemster da injinan iska masu fukafukai fiye da 40, suka raba ƙasar suka ci riba. Sarkin Ingila Charles na Ɗaya, wanda kullum cikin neman kuɗi yake saboda rigimarsa da majalisa, ya ga hanya ta samu. A 1626 ya yi yarjejeniya da wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, kan ya busar da fadamar Hatfield Chase, ladansa kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. Mutanen yankin suka fito da tsohuwar takarda tun ta ƙarni na 14 wadda wani ubangidansu ya ba kakanninsu ta haƙƙin kiwo. Aka yi ta shari'a da tarzoma shekara da shekaru.

Babban aikin ya fara ne a 1630. Wani basarake, Francis Russell, mai sarautar Bedford, ya haɗa kai da wasu masu kuɗi 13, suka ɗauki nauyin busar da kudancin fadamar. Ladansu eka 95,000, a ciki sarki na da 12,000. Aka haƙa wani miƙaƙƙen kogi mai tsawon mil 21, don ruwan kogin Ouse ya daina yawo cikin fadama ya zarce teku kai tsaye. Mai karatu ya lura, eka 95,000 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Makiyayar talakawa ce da wurin sunsu. Masu jari suka kira wurin ƙasar banza, suka ce mazaunanta malalata ne marasa lafiya, alhali ƙasar na ciyar da dubban gidaje.

Mutanen fadama ba su naɗe hannu ba. Da dare sukan fasa shingen ruwa, su cike magudanai, su ƙone amfanin gonar baƙin da aka kawo. Mata na cikin na gaba-gaba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, sai suka samu dama suka rushe aiki mai yawa, ruwa ya koma makwancinsa. Mutum zai zaci da aka fille kan Sarki Charles a 1649 talaka zai huta. Ina! A shekarar nan majalisar da ta kayar da shi ta yi dokar ci gaba da aikin, aka sake kiran Vermuyden. Da leburori suka yi wuya, aka kawo fursunonin yaƙi 'yan Sikotlan da 'yan Holan, aka haƙa kogi na biyu kusa da na farko. Sarauta ta canza hannu, amma masu jari na nan, kuma ƙasa ta tafi.

Akwai wani abu guda da Vermuyden ya yi da ya cancanci yabo. Tsakanin kogunan nan biyu ya bar wani dogon fili ba gini ba shuka, musamman don in ruwa ya yi yawa a sake shi ya kwanta a ciki. Har yau filin na wannan aiki. Ashe shi ma mai busar da fadama ya san dole a bar wa ruwa ɗakin kwana, dabarar da magina kududdufan Kano suka riga suka sani.

Abin da ya biyo baya

Shekarun farko an sha amfani, aka yi ta murna. Sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi lissafinta ba. Ƙasar fadamar ta ruɓaɓɓen ciyayi ce da ta sha ruwa kamar soso. Da aka janye ruwan sai ta fara motsewa, iska na kwashe ta, gonaki suka riƙa nutsewa har suka koma ƙasa da kogunan da aka haƙa. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 ambaliya ta dawo. Aka kakkafa ɗaruruwan injinan iska suna ɗaga ruwa daga gona zuwa kogi. Daga wajen 1820 aka koma injin tururi, daga baya na dizal, yanzu na lantarki. Duk ƙarfin injin da aka kawo, ƙasa ta ƙara bushewa, ta ƙara nutsewa.

A wani wuri mai suna Holme, a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da za a tsotse babban tafkin Whittlesey, an kafa wani ginshiƙi aka nutsar da shi har kansa ya yi daidai da doron ƙasa. Yau ginshiƙin ƙarfen da ke wurin yana tsaye kusan mita 4 a sarari. Ƙasa ce ta sauka ta bar shi. Yankin nan yanzu shi ne mafi kwari a duk Birtaniya, ƙasa da bakin teku.

In za a yi adalci, yankin Fens ya zama rumbun kayan lambu da dankali da alkama na Ingila, zazzaɓin fadama kuma ya ɓace. Sai dai noman ya dogara da injinan da ba su isa su huta ba, baƙar ƙasar ta ƙare a wurare da yawa, kuma tun daga 2001 ake wani shiri na sayen gonaki a kusa da Holme ɗin nan ana mai da musu da ruwa. Jikoki na kashe kuɗi su jiƙa abin da kakanni suka kashe kuɗi suka busar.

Namu salon busarwar

Mu dawo gida. Da Turawa suka ci Kano a 1903 an riga an gano, tun 1897, cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi. Maganin da suka yi wa kansu shi ne su tare a Nasarawa da Bompai, nesa da birni da kududdufansa, su bar duba-gari na bin gidaje yana leƙa randuna. Babbar busar da fadama a ƙasar Hausa sai bayan mulkin kai ta zo, kuma ta zo da wata siga. Ingila ta janye ruwa ta ƙasa, mu kuwa muka tare shi daga sama da madatsa. Ga mai fadamar da ke gangare sakamakon ɗaya ne, ruwan da ya saba zuwa ya daina zuwa.

Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsu da dama, babbarsu ita ce Tiga da aka gama a 1974. Ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ba zan zagi Tiga ba, domin da kuɗin tumatirin Kadawa aka biya mini makaranta, kuma bayan farin 1973 kowa ya ga dalilin tara ruwa. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa. To amma ruwan nan da can yana da masu shi. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Hadeja, wanda ke malala cikin fadamun Hadeja da Kirikasamma da Guri har Nguru da Gashuwa. Da aka tare ambaliyar damina, filin da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai, shinkafa da kifi da makiyaya suka ragu tare da shi. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wani gari na kukan fari, maƙwabcinsa na kukan ambaliya. Masana tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan ya fi kawo amfani in an bar shi ya malala a fadamar, in aka haɗa noma da su da itace, fiye da abin da yake kawowa a gonakin ban-ruwa na sama.

Wanda ya fi ciwo shi ne na Bakolori, a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. An gama madatsar a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonakin dubban mutane, aka karɓe wasu gonakin don a baje su a yi magudanai, manoma suka yi shekaru ba shuka, diyya kuma ta zama abin da ta zama. A gangare, masu shinkafar fadama suka koma gero da dawa saboda ambaliya ta daina isowa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Shekara 350 tsakaninsu da manoman Ingila, amma ƙorafin iri ɗaya ne: an yanke hukunci a kan ƙasarmu ba a tambaye mu ba.

Ko shirin Fadama na Bankin Duniya da aka fara a farkon shekarun 1990, wanda ya raba wa manoma injinan ban-ruwa kuma ya amfani mutane da yawa, yana da nasa gefen. Da lambu ya mamaye bakin rafi duk rani, Bafulatanin da ya saba gangarowa ya tarar da shinge a mashayarsa. Wani ɓangare na rikicin manoma da makiyaya daga nan ya samo tushe.

Ita kuwa Jakara, gari ya cinye ta. An matse ta cikin siminti, ruwan kwatocin birni da na masana'antun Bompai ta rafin Getsi na zuba a cikinta, ta wuce zuwa madatsar Wasai a Minjibir. A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka fara aikin rufe ta a shimfiɗa titi a kai. Kududdufan birni kuwa an cike mafi yawansu da shara da ƙasa, an yanka filaye, an gina shaguna. Shi ya sa yanzu ruwan awa biyu ke shiga gidajen da kakanninmu ba su taɓa jin an yi ambaliya a cikinsu ba.

Mu da ke Abuja

An kafa Abuja da dokar watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati ta tare a 12 ga Disambar 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu, ruwan samanta ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma in ya sauko daga kan dutse da gudu yake zuwa. Tsarin birnin na 1979 ya san da haka, shi ya sa ya ware kwaruruka da bakin rafuka a matsayin filayen da ba a gini. Gwarawan da muka tarar ma a tudu da gindin dutse suka kafa ƙauyukansu, suka bar kwari ga shinkafa da rake.

Yau kowa na gani. Tifa na juye jar ƙasa a bakin rafi, a danne, a kewaye da katanga, a sa allon sayarwa. Masu kuɗi na yi, mu ma talakawa muna yi daidai ƙarfinmu da buhunan yashi. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ya sha ambaliya ba sau ɗaya ba, ta watan Yunin 2023 ta shafi gidaje sama da 100. Lokogoma da Galadimawa da bakin kogin Usuma a Gwagwalada duk sun san wannan labari. Wanda ya cike kwari a sama ya tsira da katangarsa, ruwan ya faɗa wa na ƙasa da shi, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne mai shayi ko mai tura baro da ke haya ɗaki ɗaya da iyalinsa.

Saboda haka ga 'yar shawara ga mai niyyar sayen fili ko kama haya. Dillali ya fi son kai mutum ganin fili a watan Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe. Ka ce masa za ka dawo a watan Agusta. Dubi ƙasar, in baƙa ce mai tsagewa da rani, makwancin ruwa ce. Dubi gindin katangar maƙwabta, ruwa na barin zane a inda ya tsaya. Nemi dattijon Bagware na ƙauyen, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi me ake shukawa a wurin da can. In ya ce shinkafa, ka riƙe kuɗinka. Kuma a tuna, a Babban Birnin Tarayya minista ne kaɗai doka ta ba ikon ba da fili, takardar mai unguwa ba ta tare ruwa, ba ta tare katafila.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma suna da rawar takawa. Kamar yadda ake taruwa a yi gayyar gyaran masallaci da maƙabarta, a taru a yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, kuma in wani ya zo zai toshe hanyar ruwan unguwa a je masa da murya ɗaya tun tubali bai hau ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na Ingila sun yi shekara fiye da 300 suna biyan kuɗin injin ɗaga ruwa, mu ba mu da wannan kuɗin, abin da muke da shi shi ne mu bar wa ruwa hanyarsa tun da wuri.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.